Sau uku na zo, Malama

Assalamu alaikum. Na daɗe ina so in rubuta wannan labarin amma duk sanda na ɗauko waya sai in ji ƙirjina ya yi nauyi in ajiye, yau dai na ce bari in daure in fitar da shi ko na samu sauƙi a raina. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibitin ƙauye a jihar Jigawa, irin wanda mutanenmu ke kira sha-ka-tafi, ɗaki uku da baranda, sai bishiyar darbejiya a tsakar gida inda mata ke shimfiɗa tabarma ranar awo. Ba zan faɗi sunan garin ba, ba kuma zan kama sunan kowa ba, don ba tozarta wani ne ya kawo ni ba.

Lokacin da korona ta shigo mu uku ne a wajen. Incaj ɗinmu, wato shugaban asibitin, dattijo ne da ya kusa ritaya, sai ni, sai wata yarinya da ta gama makarantar koyon aikin lafiya bata samu aiki ba take zuwa sa-kai, ba albashi ba komai sai ɗan abun da incaj ya matsa ya bata na mota a ƙarshen wata. In an haɗa da Baba maigadi da Iya ungozoma mai taya mu karɓar haihuwa mun zama biyar, amma masu iya riƙe sirinji uku ne rak. Mu ukun nan mu ke awo ranar Litinin, mu ke allurar yara ranar Talata, masu zazzaɓi, wanda fartanya ta sara, haihuwar tsakar dare, duk a kanmu suke, ga ƙauyuka da rugage kewaye da mu waɗanda wasunsu sai an yi tafiyar awa biyu a ƙafa kafin a iso mu.

Ranar 2 ga Maris 2021 jirgi ya sauka a Abuja da allurar rigakafin korona ta AstraZeneca kusan miliyan huɗu ta COVAX, shirin raba wa ƙasashen duniya allurar, a rediyon Baba maigadi muka ji muna zaune a baranda, bayan kwana huɗu kuma aka nuno Shugaba Buhari ya naɗe hannun riga ana yi masa. Da ta iso wajenmu ma'aikatan lafiya aka fara yi wa, ni da kaina na ce a yi mini a gaban matan da suka zo awo saboda su gani da idonsu. Na kwana da zazzaɓi da ciwon hannu, washegari na sha farasitamol na fito aiki. A wancan zagayen farko gaskiya bamu wahala sosai ba, allurar ce ma ta yi ƙaranci, don Indiya inda ake haɗa ta annobar ta yi musu tsanani suka dakatar da fitar da ita, sai aka aiko mana cewa in mun kai rabi mu tsaya mu ajiye sauran saboda waɗanda za su dawo karɓar ta biyu. A lokacin addu'armu ita ce Allah ya kawo allura da yawa. Bamu taɓa zama mun tambayi kanmu wa zai yi ta in ta zo ba.

Akwai wani abu da nake so masu karatu su gane, don na sha jin mutane suna cewa ai mun yi polio mun gama da ita, me zai gagara a korona. Gaskiya ne a watan Agustan 2020 aka tabbatar da an raba Afirka da ƙwayar shan inna ta daji, kuma ni ma na yi yawon gida-gida shekara da shekaru. Amma maganin shan inna ɗigo biyu ne a baki, matar da aka koya wa na kwana ɗaya za ta iya, shi yasa ake iya ɗibar mata da yawa a kowace unguwa a ba su 'yar kula da alli su shiga lungu-lungu. Ta korona kuwa a tsokar dantse ake yin ta, dole sai wanda ya yi karatun aikin, ya san yadda zai zuƙo daidai gwargwado, ya san abun da zai yi in mutum ya yanke jiki ya faɗi. Irin wannan ma'aikacin ba a samar da shi a sati ɗaya. Wanda yake ƙasa shi ne dai yake ƙasa.

Kuma ba huda hannu ne kaɗai aikin ba. Kowane mutum ɗaya sai an tambaye shi lafiyarsa, an rubuta shi a babban littafi, an cike masa kati, an shigar da shi a waya an haɗa da lambar da ke jikin katin, sannan bayan allurar ya zauna wajen minti goma sha biyar ko fiye ana kallonsa. Benci ɗaya gare mu. Kwalbar kuma ta mutum goma ce, in ka fasa ta awa shida gare ka, in bata ƙare ba sai zubarwa, kuma sai ka yi bayanin dalili a rubuce. Toh sai ka ga mutum huɗu sun zo tun safe ka ce musu dan Allah ku ɗan jira a cika goma, kafin na bakwai ya zo na farko ya gaji ya tafi gona.

Damina ta 2021 ita ce ta fara nuna mana iyakarmu. A tsakiyar Agusta aka buɗe zagaye na biyu da allurar Moderna wadda Amurka ta bayar, ita kuma a daskare take zuwa, tana da nata dokokin daban, aka kira mu tirenin na kwana biyu a hedikwatar ƙaramar hukuma. Daidai lokacin amai da gudawa ya ɓarke, wanda duk yake Jigawa ko Kano ko Bauchi a shekarar nan ya san abun da nake faɗa. Ana kawo mana mutane a amalanke idanu sun faɗa, fata in ka ja ta sai ta tsaya, muna rataye ledar ƙarin ruwa a ƙusa da reshen darbejiya saboda sandar ratayewa biyu ce kawai. Ga shi manyan asibitoci likitoci masu neman ƙwarewa sun shiga yajin aiki tun farkon watan, in ka tura mutum gaba ma baka da tabbas ɗin zai samu mai duba shi. Akwai satin da na yi kwana biyar ban kwana a gida ba, ƙanwar mijina ce ta riƙe mini yara, autana yana da shekara biyu lokacin. Da yamma kuma sai waya ta yi ƙara, mutum nawa kuka yi wa allurar korona yau? Wata rana incaj ya amsa ya ce ranka ya daɗe ko ɗaya, muna fama da masu amai da gudawa, aka ce masa a dai ƙoƙarta. Da ya kashe wayar ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce mini, 'yata, taura biyu bata taunuwa, amma ga shi an sa mana uku a baki.

A watan Nuwamba aka ƙaddamar da gangamin yi wa jama'a gaba ɗaya, burin shi ne kafin ƙarshen Janairun 2022 a kai rabin waɗanda suka cancanta a faɗin ƙasa. Daga 1 ga Disamba ma'aikatan gwamnatin tarayya sai da shaidar allura ko ta gwaji suke shiga ofis. A cikin Disambar ne kuma aka nuno a talabijin ana murƙushe allura sama da miliyan ɗaya a bolar Abuja saboda wa'adinta ya ƙare, an kawo mana ita ne kyauta daga ƙasashen waje saura 'yan makonni ta lalace. Wallahi ranar da na ga hoton nan sai da na yi ƙwalla, don na san yadda muka roƙi Allah ya kawo ta. Kuma na fahimci dalilin da yasa na sama suka matsa, su ma ana matsa musu, ba wanda yake so a sake ganin irin wannan asarar. Sai dai matsin in ya gangaro daga Abuja zuwa jiha, daga jiha zuwa ƙaramar hukuma, a ƙarshe a kan mutum uku yake sauka.

Aka ce kar mu zauna jiran mutane, mu bi su inda suke. Kasuwa, tasha, ƙofar masallacin Juma'a, ƙofar gidan dagaci. Aka yanka mana adadin da za mu kawo kullum. A takarda tim ɗinmu akwai mai allura, mai rubutu a littafi, mai shigarwa a waya, mai tara jama'a, a ƙasa kuwa ni ce mai allura ni ce mai waya, yarinyar nan ita ce mai littafi da kati, sai mai unguwa ya haɗa mu da sankira yana zagayawa da lasifika. Da asuba ɗan acaɓa zai zo mu ɗaura kula a baya, ni da ita mu matsu a kan babur ɗaya cikin hunturun nan mai tsaga leɓe.

Mutanenmu kuma ba a yi musu gaggawa. Wani dattijo sai ya zauna ya tambaye ka, Malama, zazzaɓin cizon sauro yana kashe mana yara kullum sai mun sayi magani, wannan da bamu taɓa ganin mai ita ba me yasa take kyauta har ana biyo mu da ita kasuwa? Wani ya tuno maka gwajin maganin da akai wa yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996. Wata ta ja ka gefe ta ce an ce tana hana haihuwa. Waɗannan ba tambayoyin banza ba ne, kuma in ka ce za ka amsa su da mutunci kowanne sai ya ci minti goma, in ka yi musu tsawa kuma gobe ko ɗansu ba za su kawo maka ba. Ni dai na zaɓi in zauna in yi bayani, in ce Baba ni ma an yi mini, ga katina, mahaifiyata ma ni na yi mata da hannuna. Da yawa sun yarda. Amma rana tana tafiya, kwalba tana ƙirga awanninta.

In mun dawo da magariba aiki bai ƙare ba. Garinmu sabis sai a kan wani tudu bayan makarantar firamare, nan nake zuwa bayan isha'i da ɗan fitila, Baba maigadi ya rako ni ya tsaya daga nesa, in yi ta tura sunayen da muka tara yana tafiya yana katsewa. Datar da kuɗina nake saya, cajin waya a shagon mai janareto. Alawus ɗin da aka ce za a ba mu ya yi wata da watanni bai zo ba, da ya zo ma bai cika ba. Ni ina da albashi ko yaya ne, amma yarinyar nan fa? Wata rana na ga tana cin garin kwaki da ruwa a bayan ɗakin magani tana ɓoyewa kar in gani. Tun daga ranar nake zuba abinci na mutum biyu a kular gida. A ƙarshen Janairu ta zo ta durƙusa ta ce Anti ki yafe mini, babana ya ce in bari haka. Ban iya ce mata komai ba sai Allah ya yi miki albarka. Muka koma mu biyu.

Yanzu na zo kan abun da ya sa na rubuta duk wannan.

Babbar kasuwar yankinmu ranar Talata take ci, kuma nan ne kaɗai muke iya samun mutanen da za su cika mana adadi. Talata kuma ita ce ranar allurar yara tun kafin in fara aiki a wajen, duk matan ƙauyukan nan sun san da haka, ba sai an yi shela ba. Da farko muka ce ni in tafi kasuwa incaj ya tsaya wa yara. Amma shi ma rabin Talatocin ana kiransa taro ko kai rahoto ko karɓo allura daga ɗakin sanyi na ƙaramar hukuma, in ya tafi tun safe sai la'asar. Haka nan ba tare da wani ya yanke shawara ba, ba tare da an rubuta a ko'ina ba, ranar yara ta mutu a asibitinmu kusan wata uku. Ina sane. Ba zan ce ban sani ba. Kullum in na hau babur ina ce wa raina sati mai zuwa za mu rama musu, gangamin nan ai na ɗan lokaci ne.

A watan Fabrairun 2022 aka fito da sabon tsari cewa a riƙa haɗa ta korona da ta yara a fita ɗaya, kuma tsari ne mai kyau, da tun farko aka yi haka da an rage ɓarna. Muka fara ɗaukar duka biyun. Sai dai matan da suka yi ta zuwa suna tarar da ƙofa a rufe sun riga sun daina zuwa, kuma ba kasuwa suke zuwa ba balle mu haɗu.

Da zafi ya shigo, wajen ƙarshen Maris, ƙyanda ta ɓulla a rugagen da ke gabas da mu. Wata safiya ina shara a ɗakin awo wata mata ta shigo da yarinya a goye ta lulluɓe ta da zane. Da ta sauke ta na ga jikin duk ya feso, baki ya yi gyambo, tana tari, idanun sun kumbura sun manne da ƙwantsa. Shekararta ɗaya da 'yan watanni. Na karɓi katinta, katin a tsaftace cikin leda, na buɗe na ga BCG, allurar tarin fuka da ake yi wa jariri, an yi, na cinya duka uku an yi, kowanne a kan lokacinsa, kuma rubutun hannuna ne a kai. Gurbin allurar wata tara, wato ta ƙyanda, shi ne kawai babu komai. Sai bakina ya riga tunanina, na yi mata irin tambayar da muka saba yi wa iyaye, na ce haba baiwar Allah, me ya hana ki kawo ta ta wata tara?

Bata ɗaga murya ba. Ta ce, sau uku na zo, Malama. Talata uku. Baba mai gadi ya ce kun tafi kasuwa.

Na juya na kalli Baba yana bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai ya ce ƙwarai ta zo, har ruwa na ba ta ta sha, daga rugarsu a ƙafa take zuwa. Wallahi ban san sanda na zauna a ƙasa ba. Matar nan ta yi duk abun da muke ta roƙon iyaye su yi, ta adana kati, ta ƙirga watanni, ta goyo 'yarta awa biyu zuwa awa biyu komawa har sau uku, mu ne bamu nan.

Na ba yarinyar bitamin A, na wanke idon na sa mata magani, na fara mata maganin ƙirji, na ce wa incaj wannan ta fi ƙarfinmu. Shi ya biya kuɗin motar da ta kai su babban asibiti daga aljihunsa. Ta yi kusan sati biyu a kwance. Allah ya tashi kafaɗunta, amma idonta na hagu ya yi fari, har yau bata gani da shi. A rugar tasu akwai yaran da ba a ma kawo su ba, labari kawai muka ji, wasu sun tashi wasu basu tashi ba.

Bayan an sallamo su na hau babur na je har rugar. Na gaida mijin matar da surukarta, na zauna a kan tabarma na ce Inna na zo neman gafara ne, laifin nan namu ne ba na 'yarku ba, kar wanda ya ɗora mata. Tsohuwar ta ce haka Allah ya rubuta, suka kawo mini nono da fura. Na sha ne kawai don kar su ce na raina, amma da ƙyar yake wucewa. Na san komai da ƙaddara, ni musulma ce, amma na kuma san kwalbar allurar ƙyandar tana cikin firjinmu mai sola duk Talatocin nan uku, da sanyinta da komai, hannun da zai zuƙo ta ne yana kasuwa.

A cikin shekarar an yi ta sanarwa cewa Jigawa tana cikin jihohin da ke kan gaba a allurar korona a Najeriya, kuma ba zan ɓoye ba na ji daɗi, don guminmu yana ciki, kuma har gobe ina da yaƙinin allurar ta kare dattawa da masu hawan jini da ciwon suga da yawa. Da aka buɗe aikin Hajji na 2022 Saudiyya ta ce sai da shaidar allura, maniyyata suka riƙa zuwa da kansu suna nemanmu, wasu ma waɗanda suka kore mu a kasuwa ne. Ban taɓa nadamar allura ko ɗaya da na yi wa mutum ba. Abun da yake ci mini rai shi ne duk fom ɗin da na cike a watannin nan yana tambayar mutum nawa aka yi wa, babu layi ko ɗaya da ya tambayi wane aiki kuka ajiye kafin ku fita. Da akwai wannan layin da na rubuta, kuma wataƙila da wani ya gani ya turo mana ko mutum ɗaya. Ga yara nan birjik sun gama makarantun aikin lafiya suna zaune a gida, irin ƙanwar nan tawa da ta yi shekara tana bauta kyauta, da an ɗauki ko kaɗan daga cikinsu aiki na dindindin da Talatar yara bata mutu ba. Ni ma kuma ina da nawa kason, da na buɗe baki na ce ranar Talata ba zan fita ba ko me za a yi mini, ban faɗa ba, tsoron a ce tim ɗinmu ne na baya ya hana ni.

Incaj ya yi ritaya a 2023, aka turo wani matashi a madadinsa, har yanzu mu biyu ne masu albashi sai 'yan sa-kai da ke zuwa suna tafiya. Da ya zo na ba shi labarin nan tun daga farko, muka yi alkawari tsakaninmu cewa duk gangamin da zai zo, na shan inna ne ko na me, ranar Talata mutum ɗaya zai zauna a asibiti ko da yaro ɗaya ne zai zo. An taɓa kiranmu a waya a kan haka, ya ce ranka ya daɗe a rubuta sunana, ni na hana ta fita.

Matar nan ta sake haihuwa, namiji. Ita ta kawo shi da kanta tun daga BCG, bata taɓa tayar mini da maganar baya ba ko sau ɗaya. Ranar da ya cika wata tara ta iso tun kafin in gama shara, yayar tana biye da ita riƙe da gefen zaninta, ta girma har tana ɗan karkata kai in za ta kalle ka. Yara uku ne kawai a baranda, kwalbar ƙyanda kuma ta mutum goma ce, ɗan sa-kai ya ce Anti ko mu jira a ƙaru? Na ce masa miƙo mini kwalbar. Na fasa na yi wa yaron, na cike gurbin a katinsa, ta mayar da shi cikin ledarsa ta goya ɗanta, ta ce sai wata Talatar, Malama, suka kama hanyar ruga.